BAYAN AN RUFE ƘOFAR CIKI: MATSALOLIN BAYAN GIDA DA NA FITSARI

A wannan fitowa za mu yi bayani kan wata lalura wadda mutane da yawa ke jin nauyin faɗa. Akwai waɗanda likita ya buɗe wa ƙofa a jikin ciki, kashi yana fita ta nan zuwa cikin jakar roba. Bayan wasu watanni sai a sake yi masu aiki, a rufe ƙofar, a mayar da hanji hanyarsa ta asali. Ranar rufewa ranar murna ce ga mara lafiya da iyalinsa. Amma sau da yawa murnar ba ta daɗewa sai damuwa ta biyo baya: zawo, yawan zagayawa, ɓata tufafi, ko fitsari ya ƙi fita.

Mafi yawan waɗannan matsaloli masu wucewa ne. Kaɗan daga cikinsu kuwa suna iya kisa idan aka yi jinkiri. Wajibi ne mu san bambancinsu.

DON ME AKE BUƊE ƘOFA A CIKI?

Hanjin mutum iri biyu ne. Akwai ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, wanda ke tsotse amfanin abinci. Akwai babban hanji, mai tsawon kusan mita 1 da rabi, wanda ke tsotse ruwa daga abin da ya rage, har ya zama kashi mai kauri. A ƙarshen babban hanji akwai wata ma'ajiya, inda kashi ke taruwa kafin ya fita. A bakin dubura kuma akwai wani nama mai ɗaurewa da kwancewa, kamar zariyar wando.

Idan hanji ya huje ko ya ruɓe, wani lokaci likita ba ya iya ɗinke shi nan take, domin ɗinkin ba zai kama ba. Sai ya fito da bakin hanjin ta fatar ciki, don sashen da ke ƙasa ya huta. Wannan ƙofa ita ce likitoci ke kira sitomi.

A ƙasarmu, masassarar tifoyid tana cikin manyan dalilan yin wannan aiki, musamman ga yara da matasa. Ana kamuwa da ita ta ruwa ko abinci mai ƙazanta. Idan ba a yi magani da kyau ba, a mako na biyu ko na uku tana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji. Likitocin fiɗa na manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, da na asibitin Galmi, sun san wannan ciwo ƙwarai. Sauran dalilai su ne murɗewar babban hanji, ciwon daji na hanji, rauni na wuƙa ko harsashi, jaririn da aka haifa ba dubura, da macen da doguwar naƙuda ta yaga mata tsakanin gaba da baya.

Ba kowace ƙofa ake rufewa ba. Wadda aka yi ta don wucin gadi, akan rufe ta bayan wata 2 ko 3, wani lokaci bayan wata 6 ko fiye. Likita yakan jira mara lafiya ya yi ƙarfi, jininsa ya ƙaru, kuma ya tabbata hanjin ƙasa ya warke.

KWANAKIN FARKO A ASIBITI

Duk hanjin da aka taɓa da hannu yakan yi barci na ɗan lokaci. Ciki yakan yi shiru kwana 1 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka. Alamar farko ta farkawarsa ita ce fitar iska ta dubura. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke tambaya kowace safiya: "Ka yi tusa?" Wannan ba tambayar raini ba ce. A ba shi amsa ta gaskiya.

Abin da ke taimakon hanji ya farka shi ne tashi da tafiya. Ko da miki yana zafi, mara lafiya ya tashi ya taka kaɗan-kaɗan, wani yana riƙe da shi. Game da ci da sha kuwa, a bi umurnin likita. Kada mai jinya ya ɓoye fura ko tuwo ya ba mara lafiya don tausayi, alhali ba a ba shi izinin ci ba.

Kashin farko yakan zo ruwa-ruwa, da majina, wani lokaci da ɗan tsohon jini kaɗan. Wannan ba abin tsoro ba ne.

ME YA SA BAYAN GIDA KE RIKICEWA?

Kowane manomi ya san san noma da ya huta duk tsawon rani. Ranar da aka fara ɗaura masa galma, ba ya ja daidai. Sai a hankali yake komawa bisa aikinsa. Haka hanjin da ya yi watanni abinci bai bi ta cikinsa ba.

Na farko, babban hanji ya rage iya tsotse ruwa, saboda haka kashi ke fita ruwa-ruwa. Na biyu, ma'ajiyar nan ta ƙasa ta tsuke don rashin aiki, abu kaɗan sai ta cika. Na uku, zariyar dubura ta yi sanyi, ba ta ɗaurewa da ƙarfi kamar da.

Ga abubuwan da mara lafiya kan gani:

1. Zagayawa sau da yawa a yini, har da dare.
2. Matsuwa ta gaggawa, ta yadda ba ya iya jira ya kai makewayi.
3. Ya gama ya fito, bayan ƴan mintoci ya sake komawa, sau uku ko huɗu a jere.
4. Ya kasa bambanta iska da kashi, ya ɓata wando.
5. Zafi da saɓewar fata a bakin dubura.
6. Wasu kuma akasin haka: kashi ya yi tauri, ya ƙi fita.

Ga wanda babban hanjinsa da ma'ajiyarsa suke nan lafiya, kamar yawancin masu tifoyid, abin yakan daidaita cikin ƴan makonni ko ƴan watanni kaɗan. Ga wanda aka yanke wa ma'ajiyar saboda ciwon daji, sauƙin yakan ɗauki shekara 1 ko 2, kuma wani ba ya komawa daidai yadda yake a da. Duk da haka akwai magani da dabarun da ke rage wahalar ƙwarai. Sannu ba ta hana zuwa.

ABINCIN DA YA DACE

A makonnin farko, ƙa'ida ita ce: kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Gara mutum ya ci sau 5 ko 6 a yini da ya cika ciki sau 2. A tauna abinci sosai. Abincin dare ya zama mara nauyi, kuma a ci shi da wuri, don a samu barci.

Abincin da ke taimakawa wajen ɗaure ciki: shinkafa dafaffiya da laushi, kunun da aka tace, tuwo mai laushi, dankali, taliya, burodi da ayaba nunanna. Jiki yana bukatar abin gina shi don miki ya warke, saboda haka a ba shi ƙwai dafaffe, kifi, da naman kaza ko wani nama da ya dahu lugub.

Abincin da ya kamata a jinkirta: barkono da yaji mai yawa, abinci mai maiƙo ƙwarai, wake, kabeji, ɗanyar albasa, kwaɗon ganye, gasasshiyar masara, gyaɗa, aya, goruba da mangwaro mai zare. Wasu suna kawo iska, wasu suna tsinka ciki, masu zare da ƙwaya kuwa suna iya tsayawa a wurin ɗinki tun yana kumbure. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro suna zaburar da hanji, a rage su. Madara da nono suna tsinka cikin wasu, wasu kuma ba sa yi masu kome. Idan za a sha fura, a dama ta da ruwa mai tsabta wanda aka tafasa.

Wannan hani ba na har abada ba ne. Bayan ƴan makonni a fara mayar da abinci ɗaya bayan ɗaya. A gwada abu guda, a jira kwana 2. Idan bai kawo damuwa ba, a ci gaba da shi. Idan ya kawo, a bar shi, a sake gwadawa nan gaba. Kai da ka iya rubutu yanzu, ga wurin da zai amfane ka: samu ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta abin da aka ci da yawan zagayawar kowace rana. Ranar komawa asibiti ka nuna wa likita.

KADA A RAGE SHAN RUWA

Wasu suna cewa: "Bari in daina shan ruwa don zawo ya tsaya." Wannan kuskure ne babba. Zawo yana fitar da ruwa da gishirin jiki, ga kuma zafin ƙasarmu. Idan ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ce ke fara wahala. Babban mutum ya sha kusan lita 2 a yini, fiye da haka lokacin bazara, sai fa idan likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda.

Idan zawo ya yi yawa, a sha ruwan gishiri da sukari. Ana samun ƙunshinsa a gidan likita da wurin saida magani. A zuba ƙunshi 1 cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. Idan babu, a haɗa a gida: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Fitsari ne ma'aunin ruwan jiki. Idan yana da yawa kuma launinsa ya yi haske, ruwa ya isa. Idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja kamar shayi, a ƙara sha.

KULA DA FATA DA ƘARFAFA ZARIYA

Kashi mai ruwa yana cin fata. Bayan kowace zagayawa a yi tsarki da ruwa mai tsabta, ba tare da gurzawa ba. A tsane wurin da ƙyalle mai laushi, sannan a shafa man kaɗe mai tsabta, ko bazilin, ko man da likita ya rubuta. Kada a sa sabulu mai ƙarfi ko turare. Yaron da aka haifa ba dubura, fatar gindinsa ba ta taɓa sanin kashi ba, don haka takan saɓe da sauri. Uwa ta fara shafa masa mai tun ranar farko, ta riƙa canza masa ƙyalle da zarar ya ɓata.

Ita kuma zariyar dubura nama ce, kuma nama yana ƙarfi da aiki. Idan likita ya ba da izini, a riƙa yin haka: a zaune ko a kwance, mutum ya matse duburarsa kamar mai riƙe iska cikin taro. Ya ƙirga 1 zuwa 5, ya saki, ya huta, ya sake. Ya yi sau 10, safe da rana da dare. Kada ya riƙe numfashi, kada ya matse ciki ko cinya. Da ƙarfi ya samu sai ya kai ƙirgar zuwa 10. Ba a ganin amfanin wannan cikin kwana biyu, sai an yi wata 2 ko 3 ana yi kullum. Yana kuma taimakon mai ɗigar fitsari.

A makewayi kada a yi yunƙuri da ƙarfi, kada a daɗe a tsugune.

MATSALOLIN FITSARI

Mafitsara maƙwabciyar hanji ce, kuma jijiyoyin da ke ba su umurni suna bin hanya guda a cikin ƙugu. Abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan.

Matsala ta farko ita ce tsayawar fitsari. Maganin barcin da aka yi aiki da shi, allurar baya, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da zafin miki, duk suna iya sa mafitsara ta yi nauyi. Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kusan rabin lita. Idan ta cika ta wuce haka, mara takan kumbura ta yi zafi. Wani lokaci fitsarin yakan riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, mutum yana zaton yana yi, alhali mafitsara cike take. Dattawa maza sun fi fuskantar wannan, domin da ma tsufa yana matse masu hanyar fitsari. Wanda ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba, a gaya wa ma'aikacin lafiya nan da nan. Zai sa masa robar fitsari, wadda ake kira sondi, mafitsara ta huta ƴan kwanaki. Kada mai jinya ya danna marar, kada kuma kowa ya ja robar da kansa, domin akwai ɗan balan-balan da ke riƙe da ita a ciki.

Matsala ta biyu ita ce ƙwayoyin cuta su shiga mafitsara. Robar da ta daɗe tana buɗe masu hanya, haka ma zawo da ke ɓata gaba, musamman ga mata. Alamunta: zafi wajen fitsari, yawan fitsari kaɗan-kaɗan, wari, da gurɓacewa. Idan masassara da ciwon kwiɓi suka biyo baya, cutar ta hau zuwa ƙoda. A kai fitsari a auna, a sha maganin da aka rubuta har ya ƙare. Mata su riƙa tsarki daga gaba zuwa baya. Wanda ya ga jini cikin fitsari kada ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce, a bari likita ya duba.

Matsala ta uku ita ce ɗigar fitsari wajen tari ko dariya, ko matsuwa ta gaggawa. Ta fi samun waɗanda aka yi wa aiki can ƙasa cikin ƙugu. Sau da yawa tana raguwa cikin watanni. Mutum ya riƙa zuwa fitsari kowace awa 3 ko da bai matsu ba, kuma ya ci gaba da matse zariya kamar yadda muka bayyana. Taurin kashi ma yana danne mafitsara, don haka gyaran ciki gyaran fitsari ne.

Namijin da ya ga ƙarfinsa ya ragu bayan irin wannan aiki, ko macen da ke jin zafi wajen saduwa, su ma su faɗa wa likita. Jijiyoyin ɗaya ne.

HATTARA DA MAGANIN KAI

Mai ganin zafi da saɓewa a dubura yakan ce basir ne ko ɗan kanoma. Kada a je wurin wanzami. Kada a tura kome cikin dubura, ko magani, ko ruwa, ko yatsa, sai da izinin likita, domin ɗinki na iya kasancewa kusa. Kada a sha filasko ko wani maganin wankin ciki.

Akwai ƙwayar tsayar da zawo mai suna loperamid. Tana da amfani ƙwarai ga masu wannan lalura, amma likita ne zai faɗi lokacin fara ta da yawanta. Ba a shan ta idan akwai masassara, ko jini cikin kashi, ko kumburin ciki. Tramol yana ɗaure ciki, yana kuma iya tsayar da fitsari. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen suna iya lalata ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ragu. A guji sayen magani wurin masu talla.

MIKI DA AIKIN ƘARFI

Wurin da ƙofar take, sau da yawa likita ba ya ɗinke fatar duka. Yakan bar ɗan rami don ruwa ya fita, ya cike da kansa cikin makonni. Ba mantuwa ba ce. A riƙa zuwa wanki bisa ƙa'ida, kada a zuba toka ko garin magani.

Fata tana rigan naman ciki warkewa. Aƙalla mako 6 kada a ɗauki abu mai nauyi. Ba noma, ba jan guga, ba daka, ba faskare, ba ɗaukar buhu ko tulu. Wanda ya yi gaggawa, naman wurin na iya buɗewa daga ciki, hanji ya turo fata ya yi ƙullutu, har sai an sake aiki. Idan lokacin ya faɗo cikin damina, ƴan uwa da maƙwabta su yi masa gayya. Asarar noman shekara guda ta fi sauƙi bisa komawa ɗakin fiɗa.

ALAMUN DA KE SA A KOMA ASIBITI NAN TAKE

Haɗari mafi girma shi ne ɗinkin hanji ya ɓalle, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Ya fi faruwa a makon farko ko na biyu. Na biyu shi ne hanji ya toshe, kuma wannan na iya zuwa ko bayan watanni ko shekaru. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da tsakar dare ne, a nemi mota:

1. Ciwon ciki mai tsanani da ke ƙaruwa, ko ciki ya yi tauri kamar allo.
2. Ciki ya kumbura, ba iska, ba kashi.
3. Amai a kai a kai, musamman kore.
4. Masassara, rawar ɗari, ko zuciya na bugawa da sauri.
5. Jini mai yawa ta dubura, ko kashi baƙi ƙirin.
6. Kashi ko mugunya mai wari na fitowa daga miki.
7. Fitsari ya tsaya, ko ya ragu ƙwarai.
8. Zawo mai yawa da wari, tare da jiri, bushewar baki da faɗawar idanu.
9. Iska ko kashi na fita ta gaban mace, ko tare da fitsari.

A tafi da takardun asibiti duka. Kada a ba mara lafiya abinci bisa hanya. Tun kafin a sallame shi, iyali su ajiye kuɗin mota a gefe, su kuma san wanda za su kira.

AIKIN IYALI

Babban mutum da ya ɓata tufafinsa yakan ji kamar mutuncinsa ya zube. Wani ya daina zuwa kasuwa da majalisa, wani ya daina ci don tsoron zawo, har ya rame. Wannan lalura ce, ba sakaci ba ce. A sa masa shimfiɗa kusa da makewayi, a ajiye buta da fitila da dare. Idan zai fita, ya riƙe ƙyalle da wandon canji. Yaro kuwa kada a doke shi, kada a bari ƴan uwansa su yi masa dariya. Game da alwala, salla da azumi, addini ya yi sauƙi ga mai lalura. A tambayi malami, a kuma tambayi likita kafin a ɗauki azumi.

Kada a fasa ranar komawa asibiti ko da an ji sauƙi. A can kuma a faɗi kome a fili: sau nawa ake zagayawa, ko ana ɓata tufafi, yadda fitsari yake. Likita ba ya maganin abin da ba a gaya masa ba.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa da yawa cikin waɗannan ayyuka tifoyid ce mafarinsu. Ruwan sha mai tsabta, makewayi a kowane gida, wanke hannu da sabulu, da kai mai masassara gidan likita da wuri, su ne ke tsare ƴaƴanmu daga wuƙar fiɗa. Rigakafi ya fi magani.

Kai da ka karanta wannan shafi, ka karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.